Hoton Kai a Matsayin Gwagwarmaya: Masuncin Argungu da Darasin Samuel Fosso

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda baƙar fata ke ɗaukar kansa hoto domin ƙwato ikon bayyana kansa, ta hanyar kwatanta hotunan bikin kamun kifi na Argungu da ayyukan mai ɗaukar hoto Samuel Fosso. Hujjarta ita ce, yawan fitowa a hoto ba ya nufin an san mutum.

Taron da ba suna

Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake danganta bikin da sulhun Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta saka shi cikin al'adun gado na duniya. Hoton da duniya ta sani kusan guda ne: ana ɗauka daga saman gaɓar kogin Matan Fada, dubban masunta sun afka ruwa, kowa da gora da homa, jiki duk laka. Wanda ya kamo giwan ruwa mafi girma ake matsowa kusa da shi, shi ma kifin ne ya cika hoton. Sauran Kabawa sun zama ado. Wannan abin damuwa ne, domin mai riƙe da kyamara shi ke yanke wa za a gani, kuma galibi baƙo ne da zai kwana Birnin Kebbi ya wuce.

Fosso

An haifi Fosso a Kumba ta Kamaru a 1962, ya tashi a Afikpo, yaƙin Biyafara ya raba shi da gida. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon hoto a Bangui. Idan masu zuwa a ɗauke su hoto suka watse da yamma, sai ya juya kyamara kansa da ragowar fim, ya sa wando mai faɗin ƙafa da tabarau, ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta san yana nan lafiya. Abin lura shi ne, aikin ya faro ne daga zumunci kafin ya zama siyasa. A 1994 aka nuna hotunan a Bamako. A jerin African Spirits na 2008 ya shiga kamannin Patrice Lumumba, Kwame Nkrumah, Malcolm X da Angela Davis, ya ara musu fuskarsa, ya dawo da su gaban sabon ƙarni.

Tattaunawa

Wayar hannu ta ba matashin masunci abin da Fosso ya samu da ragowar fim. Hoton ɗauki-kanka a bakin Matan Fada, da sunan mai shi da na ƙauyensu a ƙasa, shaida ce ta tarihi, ko da masana na yi masa kallon wasan yara. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ya adana makamai da kayan sarauta. Nan ya dace a fara tara irin waɗannan hotuna, da izinin masu su, kowanne da suna da shekara.