Mata da Kujerun Majalisa: Waiwaye Adon Tafiya

Duk mai son sanin dalilin ƙarancin mata a majalisun tarayyar Nijeriya, sai ya waiwayi zaɓen 1959. A wannan zaɓe matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma na Arewa ba su samu wannan dama ba, domin jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa ba ta amince ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka fara ganin matan Arewa a layin zaɓe, kana tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da wannan 'yanci. Shi kansa kwamitin mutum 49 da ya tsara daftarin, babu mace ko ɗaya a cikinsa.

Shinge na biyu shi ne bakin mutane. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri sau da dama saboda ta hau dandamali tana kiran a ba mata ƙuri'a da ilimi. A wancan zamani macen da ta shiga siyasa ana yi mata kallon marar kamun kai, kuma wannan tabo bai gama gogewa ba. Shi ya sa iyaye da mazaje da yawa ke hana nasu fitowa.

Da doka ta buɗe ƙofa, sai jam'iyyu suka tsaya a bakinta. Kuɗin fom ɗin takara, da taron tsakar dare inda ake yanke wanda za a tsayar, da 'yan daba, duk sun fi ƙarfin yawancin mata. Ga kuma batun asali: macen da ta yi aure a wata jiha, a gidan miji a ce baƙuwa ce, a gidan uba a ce ta riga ta tafi.

Sakamakon a fili yake. Sai a 1983 aka zaɓi mace ta farko, Franca Afegbua, zuwa Majalisar Dattawa. A 2007 mata 9 suka shiga cikin sanatoci 109, daga nan kuma adadin ya ja baya. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman.

Mu marubuta muna da abin yi a nan. Littattafanmu sun cika da mace mai jiran miji ko mai fama da kishiya. Tarihin su Gambo Sawaba na nan yana jiran alƙalaminmu.