Wuraren Ibadar Katolika a Kwarin Kwara: Nazari kan Yankin Bagudo da Iyakar Benin

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana shimfiɗe ne a kwarin kogin Kwara, kusa da inda gulbin Sakkwato yake zubawa cikinsa, yanki mai fadamu da tsibirai wanda Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Hausawa suka daɗe suna zaune a cikinsa. Wannan maƙala tana bayyana cewa rarrabuwar majami'un ɗarikar Katolika a wannan kwari ba ta bi ruwa ko harshe ba, ta bi layin iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata.

Tsohon garin Illo shi ne mabuɗin al'amarin. A da zango ne na fataken goro masu bin hanyar Gwanja, kuma yana da tsohuwar alaƙa da sarautun ƙasar Bargu, wato Busa da Nikki. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta raba Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo kuma hannun Ingila, sannan a farkon ƙarni na 20 aka mayar da Illo ƙarƙashin masarautar Gwandu. Wannan mataki na biyu ya fi na farko tasiri ga batun addini, domin gwamnatin Lugga da magadanta sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da aka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Ke nan ƙauyukan da a wancan lokaci da yawansu ke kan addinin gargajiya sun shiga cikin wannan shinge ne saboda tsarin mulki kawai.

Shi ya sa Katolika ta makara ƙwarai a wannan ɓangare. Ƙungiyar 'yan mishan ta SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, ta isa Lakwaja tun 1884, amma sai a 1953 aka keɓe Sakkwato a matsayin yankin mishan mai zaman kansa, a hannun limaman Dominikan daga Amurka, kafin ta zama dayosis, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, a 1964. Kwantagora, wadda ta haɗa da wani sashe na kudancin Kebbi, an keɓe ta a 1995, ta zama dayosis a 2020.

A ƙetaren iyaka kuwa, 'yan SMA sun sauka a Wida tun 1861, suka riƙa hawa arewa sannu a hankali. An kafa dayosis ɗin Kandi a 1994, kuma ita ce ke kula da Malanbil da Segbana, maƙwabtan Bagudo. Benin tana kuma da abin da ɓangaren Kebbi ba shi da irinsa, wato babban wurin ziyarar ibada, kogon Maryamu na Arigbo da ke Dassa-Zume, wanda aka tsarkake a 1954, inda dubban masu ibada suke taruwa kowane watan Agusta. Ko da yake yana can tsakiyar ƙasar, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ƙare a gadar Malanbil da Gaya.

Kuskure ne a auna darajar tarihin waɗannan wurare da girman gini ko tsufansa. Majami'un wannan kwari sababbi ne, akasarinsu ƙanana, kuma a ƙauyuka malamin katikisma, wato mai koyar da tushen addini wanda ba limami ba, shi ne ke jan addu'a a ranakun da limami bai samu zuwa ba. Hujjojin da mai bincike yake buƙata suna cikin littattafan rajistar baftisma da na aure, waɗanda ke nuna asalin iyalai da ƙaurarsu, da kuma bakin dattawa, Kirista da Musulmi, da suka ga yadda aka ba da filayen. Wahalar aikin ita ce rajistar ɓangare guda da Ingilishi take, ta ɗayan da Faransanci, alhali mutanen da sunayensu ke ciki da Dandanci ko harshen Boko ko Hausa suke magana, kuma iyali guda yana iya rabuwa tsakanin littattafan biyu. Ga kuma ambaliyar Kwara da gara, waɗanda suke barazana ga takardun da aka ajiye a ɗakunan laka.