Malamai, Ma'aikatan Rediyo da Soja Guda: Mutanen da Suka Raini Wasan Kwaikwayon Hausa

A ƙasar Hausa maƙeri ɗan maƙeri ne, makaɗi ɗan makaɗi, wanzami ma a hannun ubansa yake koyon riƙe aska. Amma idan ka bi sunayen waɗanda suka kafa wasan kwaikwayonmu na zamani, da wuya ka sami wanda ya gaje shi. Wannan ɗan malami ne, wancan ɗan sarauta, kuma kusan kowannensu yana da aikin da yake karɓar albashi a ƙarshen wata. Wasa sai bayan an tashi aiki.

Ba wai ba mu da kwaikwayo tun asali ba. Yara suna tashe a watan azumi, 'yan kama suna kwaikwayon malamai a kasuwa jama'a na ƙyaƙyata dariya, a gidan sarauta kuma akwai wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa. Sai dai babu dattijon da zai so a kira ɗansa ɗan kama. Saboda haka da wasa na rubuce ya zo, ba ta hannun waɗannan ya shigo ba. Ta ƙofar makarantar boko ya biyo.

Rupert East, jami'in ilimi Bature da ya jagoranci Hukumar Talifi a Zariya, shi ya fitar da littafin Six Hausa Plays a shekarun 1930, domin 'yan makaranta su sami abin da za su yi a gaban malamansu. Ba a jima ba sai ga ɗalibin da ya gane cewa abin ya fi ƙarfin nishaɗi. Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ɗan Malam Yusufu na kotun Alƙalin Kano, ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937, kuma a can ya riƙa rubuta wasanni yana shirya su da 'yan'uwansa ɗalibai. Wanda aka fi tunawa shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Sunan kaɗai ya isa ya nuna maka inda yaron ya dosa. Ya ci gaba da wannan dabara lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, yana sukar zalunci da bakin 'yan wasa, tun kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. A ganina, duk wanda yake son fahimtar yadda Malam Aminu yake tsayawa a kan dandamalin siyasa ya sa talaka dariya kafin ya sa shi tunani, to ya waiwayi waɗannan shekaru.

Sai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mai jan hankali kan tsafta da kiwon lafiya. Sai Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka fara ratsa gidajen mutane ta rediyo kafin a buga su a littafi: Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya auri mace mai zaman kanta duk da gargaɗin da aka yi masa, ya kuma ga abin da ya gani. A 1968 Mohammed Sada ya fito da Uwar Gulma. Duk cikinsu akwai hannun mai koyarwa: a nuna ɓarna, a nuna ƙarshenta. Wasu masu nazari suna ganin wannan aibi ne. Ni ban ga laifin marubutan ba, domin da wannan rigar ta wa'azi ce kawai iyaye za su bar wasa ya shiga gida.

Na koyar da Hausa a wata sakandaren kwana ta maza, kuma mun sha shirya Uwar Gulma a ɗakin cin abinci. Tebura muke haɗawa su zama dandamali, barguna biyu a kan igiya su zama labule, zani da ɗankwali kuma aro ne daga matar mai dafa abinci. Neman wanda zai fito a Hayatu, miji mashayi ɗan caca, ba ya wahala; hannuwa goma za ka gani a sama. Matarsa Halima ce matsala. Yaron da ya yarda ya ɗaura zani, to sunan ya bi shi ke nan har ya gama makaranta. Wani uba ya taɓa zuwa har ofis ya ce da ni, "Malam, karatu na kawo shi, ban kawo shi ya zama ɗan daudu ba." Na ba shi haƙuri, muka sauya wani. Wannan fargabar ce ta sa mata suka daɗe ba su shigo harkar sosai ba, kuma waɗanda suka fara fitowa a talabijin sun sha magana.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962, sai wasa ya sami sabon gida, da sabon irin mutane. Yusuf Ladan, ma'aikacin rediyo, shi ne mai Zaman Duniya Iyawa Ne. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda kowa ya sani da Kasagi, ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna a 1979, daga baya aka mayar da shi fim. Ƙasimu Yero, Bazazzagi, ya yi Karambana, ya fito a Magana Jari Ce, ya kuma zama Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn da duk Najeriya ke kallo. Ya rasu a 2017.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Usman Baba Pategi. Mutumin da ya fi kowa sa Hausawa dariya a zamaninsa ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara a yau, an haife shi a 1942. Ya taɓa aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, sannan ya kwaso abin da ya gani a bariki ya zuba a Samanja Mazan Fama. Wannan Hausar bariki mai karyayyen nahawu, da tsawa, da Turancin da ake jefawa a tsakiya, ba a tebur ya ƙirƙiro ta ba. A fareti ya ji ta. Kuma ka tuna a zamanin mulkin soja yake wannan, lokacin da farar hula ba ya iya kallon mai kaki ido da ido. Shi ya sa mutane suka yi wa soja dariya a cikin ɗakunansu, sojojin ma suna kallo suna dariya. Ya rasu a Nuwamban 2023.

Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970 tare da Michael Etherton, aka gina dandamalin wasa na ginin ƙasa a Samaru, ɗalibai suka riƙa kai wasa ƙauyuka suna yi da manoma. A Nijar ma malamin makaranta ne, Yazi Dogo, ya zama fitaccen ɗan wasan Hausa.

Abin da ba mu taɓa samu ba shi ne irin Hubert Ogunde na ƙasar Yarabawa, wanda ya ajiye aikin ɗan sanda a tsakiyar shekarun 1940 ya kafa ƙungiyar da ke yawo gari-gari tana cin abinci da kuɗin ƙofa. Namu makaranta ce ta riƙe su, sannan gwamnati. Shi ya sa da bidiyo ya zo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kowa ya bi kyamara, dandamali ya zama kango.

Littattafan suna nan, ana samunsu. Muryoyin ne abin tsoro. Duk ma'aikacin gidan rediyo ko talabijin da ke karanta wannan, don Allah ka shiga ɗakin ajiya ka duba tsofaffin faya-fayan nan, a juye su a kwamfuta tun suna juyuwa.