"Begs the question": yadda fassara ta juya ma'anar jimla

1/ Jama'a, ku matso. Sau da yawa ina ganin ana rubuta "this begs the question" da nufin "wannan zai sa mutum ya yi tambaya". Masana harshe kuma sun daɗe suna jayayya ko hakan daidai ne. Amsar tana cikin tarihin da ya haura shekara 2,300.

2/ Abin ya faro ne daga Aristotle na Girka, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafinsa Topics ya tsara ƙa'idojin muhawara: ɗaya yana tambaya, ɗaya yana amsa e ko a'a, har mai tambaya ya kai abokinsa inda ba shi da mafita.

3/ Akwai wayon da ba a yarda da shi ba: ka nemi abokin muhawararka ya sallama maka ainihin abin da kuke gardama a kansa tun kafin ka kawo hujja. Misali:
"Mai maganin nan gaskiya yake faɗa."
"Ya aka yi ka sani?"
"Ai shi ya ce ba ya ƙarya."
Kun ga an zagaya an dawo inda aka tashi.

4/ Masu Latin suka kira wannan kuskure petitio principii, wato neman a ba ka tushen magana. A ƙarni na 16 aka mayar da shi Turanci: "beg" na nufin ka roƙi a sallama maka, "question" kuma batun da ake muhawara a kai. Babu maganar tambaya a ciki sam.

5/ Mu ma abin ba baƙo ba ne. Malaman manɗiƙi suna kiransa musadara alal maɗlub. Shehu Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, mai littafin Ahalari da muka karanta a Islamiyya, ya lissafa wannan kuskure a littafinsa Sullam. Shi ma a ƙarni na 16 ya rayu.

6/ To ina aka samu sauyi? Bature na yau in ya ji "question", tambaya ce ke zuwa masa a rai. In ya ji "beg", sai ya tuna da roƙo. Sai jimlar ta koma "abin da ke neman a yi tambaya". Wannan ma'ana ta bazu har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita.

7/ Shawarata: in tambaya kake son tayarwa, rubuta "raises the question". In ka kama wani yana zagaye da hujja, ce masa "circular reasoning". Musamman a takardar neman aiki ko rubutun jami'a, don ba ka san hannun wa za ta faɗa ba.

8/ Amma abin da ya fi damuna, kada tsohuwar ma'anar ta ɓace mana. Lokacin siyasa za ku ji: "Gwaninmu ya fi kowa cancanta, tunda babu kamarsa." Wannan da'awa ce aka maimaita sau biyu. Duk wanda ya faɗa maka haka, ka ce masa: ranka ya daɗe, mun ji, yanzu kawo hujjar.