Harafi ɗaya da ya fi sa hannun alƙali

Lauyoyin sha'anin aure a Amurka suna da wata kalma da suke furtawa "kwadiro", a rubuce kuwa haruffa huɗu ne: QDRO. Sunan takardar kotu ne da ke ba da izinin a yanko kaso daga fanshon miji, ko daga ajiyarsa ta ritaya irin ta 401(k), a ba matar da suka rabu. Idan matar ce mai fanshon, daga nata ake yankowa.

Haruffa ukun ƙarshe ba su da wani ɓoyayyen abu. Suna nufin umarnin kotu kan harkar iyali: kuɗin ciyar da yara, da na tsohuwar mata, da rabon abin da aka tara a zaman aure. Rigimar tana cikin harafin farko, wanda ke cewa takardar ta cika sharuɗɗa. To, wa ke yanke cewa ta cika? Mai kula da asusun fansho ne. Alƙali yana iya sa hannu a kai takarda, a maido ta saboda ba a ambaci sunan asusun daidai ba, ko an nemi salon biyan da asusun ba ya yi. Kafin a amince da ita, ko sisi ba zai motsa ba.

Tushen wannan yana cikin dokar ERISA ta 1974, wadda ta hana a karkatar da fanshon ma'aikaci zuwa hannun wani. A lokacin, kotunan jihohi na raba dukiyar aure, masu asusu na fakewa da dokar tarayya. Sai a 1984 majalisa ta buɗe ƙofa da gyaran da 'yar majalisa Geraldine Ferraro ta yi wa tsaye, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu.

Gyaran ya raɗa wa tsohuwar matar suna: "mai karɓa a madadi". A kunnena sunan ya yi sanyi ga macen da ta shekara ashirin tana riƙe gida, ko da yake an zaɓe shi ne don ya haɗa har da ɗa da duk wanda ake ɗaukar nauyinsa.

Mutane kan kira kowace takardar rabon fansho da kwadiro, alhali ba haka ba ne. Ma'aikatan gwamnatin tarayya tasu takardar COAP ake kiranta, asusun ritaya na IRA kuma hukuncin saki ya ishe shi. Sojoji suna da dokarsu ta 1982, wadda ta biyo bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1981 a shari'ar McCarty kan fanshon soja. A wurinsu ake jin "goma da goma": aure na shekara 10 da ya zo daidai da shekara 10 na aikin soja. Da yawa sun ɗauka wadda ba ta kai wannan ba ba ta da kaso. Kotu na iya ba ta, sai dai gwamnati ba za ta biya ta kai tsaye ba, daga hannun tsohon mijin za ta riƙa karɓa.