La Tragédie du roi Christophe: tarihin da ke bayan wasan da kalmomin da ɗalibi zai sani

La Tragédie du roi Christophe wasan kwaikwayo ne da Aimé Césaire, marubuci ɗan tsibirin Martinique, ya wallafa a 1963 a gidan ɗab'i na Présence Africaine da ke birnin Paris. Yana cikin littattafan da aka fi karantawa a lise-lise na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Ɗalibin Madarunfa ko Maraɗi da ya buɗe shi yana shirin jarrabawar bak zai ci karo da matsala biyu: labarin ya faru a wata ƙasa mai nisa, kalmominsa kuma ba irin na kullum ba ne.

Marubucin da wasan

An haifi Césaire a 1913, ya rasu a 2008. An fara nuna wasan a 1964 a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, inda Douta Seck ɗan Senegal ya fito a matsayin sarki. A 1991 Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya shirya shi a gidan wasa na Comédie-Française. Wasan yana da babi 3, kuma yana buɗewa da faɗan zakaru biyu da aka raɗa wa sunayen Christophe da Pétion.

Tarihin Haiti

Haiti, wadda a da ake kira Saint-Domingue, mallakar Faransa ce, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke noma rake da kofi a cikinta. A 1791 bayin suka yi tawaye. An kama jagoransu Toussaint Louverture a 1802, ya mutu a kurkuku a Faransa a 1803. Ranar 1 ga Janairu 1804 Jean-Jacques Dessalines ya shelanta ƴancin ƙasar. Bayan an kashe shi a 1806, ƙasar ta rabu biyu: Alexandre Pétion ya riƙe jamhuriya a kudu, Henri Christophe ya riƙe arewa, ya naɗa kansa sarki a 1811.

Christophe ya gina fadar Sans-Souci da babbar ganuwar Citadelle bisa dutse, don tsoron kada Faransawa su dawo. Talakawa ne suka yi aikin a kan dole. A watan Agusta 1820 jikinsa ya shanye, sojojinsa suka juya masa baya, ya kashe kansa ranar 8 ga Oktoba 1820.

Ɗalibin jihar Maraɗi yana iya riƙe waɗannan shekaru ta hanyar tarihin gida. A 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗi, kuma sarakunan da aka kora suka zo suka kafa sarauta a Maraɗi. Ke nan mulkin Christophe zamani ɗaya ne da kafuwar Katsinar Maraɗi.

Abin da wasan ke tambaya

Césaire ya rubuta wasan ne daidai lokacin da ƙasashen Afirka ke karɓar mulkin kai. Nijar ta samu nata ranar 3 ga Agusta 1960. Christophe ɗinsa yana ƙaunar jama'arsa, yana son ya ɗaga su cikin gaggawa bayan wulaƙancin bauta, amma kayan da ya aza musu ya fi ƙarfinsu. Matarsa ta gargaɗe shi, bai ji ba. Ɗalibin da bai san tarihin bauta ba zai ɗauke shi azzalumi kawai. Wanda kuma ya manta aikin tilas zai ɗauke shi gwarzo kawai. Amsa mai kyau a jarrabawa takan nuna fuskokin biyu tare. A nan ma tsofaffi sun san aikin tilas na zamanin Turawa, wanda doka ta soke a 1946.

Kalmomin wasan kwaikwayo

Tragédie: wasan da babban mutum ke faɗuwa, sau da yawa saboda halinsa.
Prologue: shimfiɗa kafin labari ya soma.
Acte da scène: babi da fitowa.
Didascalies: umarnin marubuci kan motsi, tufafi da wuri, ba a furta su.
Réplique: amsar da ɗan wasa ke mayarwa.
Tirade: doguwar magana ba katsewa.
Dénouement: yadda rikici ya warware a ƙarshe.

Kalmomin tarihi

Colon: Bature mai gandu da bayi.
Affranchi: ƴantaccen bawa.
Marron: bawan da ya gudu ya ɓuya a duwatsu.
Mulâtre: ruwa biyu, ɗan Bature da baƙar fata, Pétion daga cikinsu yake.
Duc da comte: sarautun fada. Ana iya kwatanta su da Ƙaura, Galadima ko Durɓi a fadar Maraɗi. Limonade da Marmelade, masu ba ɗalibai dariya, sunayen garuruwa ne na gaske a Haiti.
Bouffon: wawan sarki, mai faɗa wa sarki gaskiya cikin raha. A wasan shi ne Hugonin.
Vaudou da loa: addinin gargajiya na Haiti da iskokinsa, waɗanda ke hawan mutum kamar yadda aka sani a bori. Baron Samedi, wanda Hugonin ke fitowa da kamarsa a ƙarshe, shi ne na mutuwa.

Yadda ake karatunsa

Ya kamata ɗalibi ya fara da jera shekarun nan daga 1791 zuwa 1820 a takarda guda, sannan ya rubuta kowace sabuwar kalma tare da fitowar da ya same ta. Karatu da murya, kowa ya ɗauki mutum ɗaya cikin ƴan wasan, yana bayyana inda sarki ke tsawa da inda Hugonin ke zambo, domin an rubuta littafin ne don a ji shi a kan dandali.