Yaro, Sa da Alƙali: Tarihin Gasar Shanun Nama ta Matasa a Amurka

A watan Disamba na shekarar 1928, a babban bikin nunin dabbobi na birnin Shikago, alƙalin gasa ya zagaya shanun da suka kai zagayen ƙarshe, ya tsaya a kan wani sa jinsin Hereford mai suna Dick. Wanda ya yi kiwonsa yaro ne ɗan shekara 12, Clarence Goecke, daga wani ƙaramin gari a jihar Iowa. Kambin da ya ɗauka, jami'o'in aikin gona da manyan makiyaya ne suka saba rabawa a tsakaninsu. Da aka kai san wurin gwanjo, an saye shi dala 7 a kan kowace laba, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, kuɗin ya kai kimanin dala 8,000, a zamanin da ake samun sabuwar motar Ford a kan dala 500.

Nasarar wannan yaro ta fito ne daga wani shiri da hukuma da malaman gona suka yi shekaru kusan talatin suna ginawa. Tarihin shirin, daga farkonsa zuwa yau, yana nuna abu guda: abin da alƙali ya ba lada, shi makiyayi zai kiwata, ko yana da amfani ko ba shi da shi.

Daga Landan zuwa Pittsfield

Nunin shanun nama ya girmi Amurka ta yau. A Ingila, a ƙarni na 18, Robert Bakewell da waɗanda suka bi sawunsa suka fara zaɓen bijimi da saniya bisa tsari domin samun dabba mai saurin ƙiba. A 1798 aka kafa ƙungiyar Smithfield a Landan, ta yi nuninta na farko a 1799. A farkon ƙarni na 19 an yi shekaru ana yawo da wani ƙaton sa da ake kira San Durham gari gari, mutane na biyan kuɗi su kalle shi, domin nauyinsa ya haura tan guda. Wannan harka ce ta masu ƙasa da masu sarauta.

A Amurka abin ya ɗauki wata siffa. A 1807 wani ɗan kasuwa, Elkanah Watson, ya ɗaure tumaki biyu jinsin Merino a dandalin garin Pittsfield na jihar Massachusetts, jama'a suka taru suna kallo. Ya lura cewa manomin da ba zai karanta littafin noma ba zai yi tafiya mai nisa don ya ga dabbar maƙwabcinsa. A 1811 ya kafa ƙungiyar manoma ta gundumar Berkshire, daga nan kuma bikin baje kolin amfanin gona na gunduma ya bazu a faɗin ƙasar. Sai dai har ƙarshen ƙarnin, fagen na manya ne. Yara ’yan kallo ne da ’yan riƙon igiya.

Saƙon uba a hannun ɗa

Dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye don kafa kwalejojin aikin gona, dokar Hatch ta 1887 kuma ta samar da tashoshin bincike. Ilimi ya taru, amma manoma suka yi biris da shi. Dattijon da ya gaji noma kaka da kakanni bai ga abin da matashi mai takardar shaida zai koya masa ba.

Malaman makarantun karkara ne suka gano mafita. A 1902 A. B. Graham ya tara yara maza da mata a gundumar Clark ta jihar Ohio, ya sa kowa ya gwada ƙasar gonarsu, ya shuka ingantaccen iri a ɗan fili, ya rubuta abin da ya gani. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka yaɗu, musamman na masara. A 1910 wani yaro a jihar Carolina ta Kudu, Jerry Moore, ya noma abin da ya kai buhu 58 na masara a eka guda, alhali matsakaicin abin da eka ke bayarwa a Amurka bai kai buhu 8 ba. Gani ya kori ji. Uban da ya ƙi sauraron malamin gona ba shi da yadda zai yi da filin ɗansa da ke jikin nasa.

Dokar Smith-Lever ta 1914 ta kafa tsarin malaman gona na tarayya, ta kuma ɗora musu kula da ƙungiyoyin yara, waɗanda daga baya aka sani da 4-H. Haruffan huɗu na farkon kalmomin Ingilishi ne da ke nufin kai, zuciya, hannaye da lafiya. Dokar Smith-Hughes ta 1917 ta shigar da darasin noma cikin makarantun sakandare, daga cikinsa kuma aka haifi ƙungiyar Manoman Gobe ta Amurka, FFA, a Kansas City a 1928. Bankunan ƙauye suka riƙa ba yara rancen sayen maraƙi. Manyan kamfanonin nama, irin na Thomas E. Wilson, suka riƙa biya wa zakarun jihohi kuɗin jirgin ƙasa zuwa Shikago, inda babban taron 4-H na ƙasa ya fara zama a 1922, daf da filin nunin dabbobi. Kowa da abin da yake nema: banki na neman abokin hulɗa na gobe, kamfani na neman irin naman da kasuwa ke so, hukuma kuma na neman tsayar da matasan karkara da ke kwarara birane.

Ƙofar ba ta buɗu ga kowa lokaci guda ba. A jihohin kudu, ƙungiyoyin yara baƙar fata daban suke, da ƙarancin kuɗi da ƙarancin dama, har zuwa bayan dokar ’yancin ɗan ƙasa ta 1964. Ƙungiyar ɗaliban noma baƙar fata, NFA, ta narke cikin FFA a 1965. ’Yan mata ba su sami cikakken shiga FFA ba sai 1969.

Shekara guda da maraƙi

Shigar yara harkar shanu ta zo daidai da wani sauyi a kasuwa. A ƙarni na 19 ana barin sa ya kai shekara uku zuwa biyar kafin a yanka, domin kitsensa na da daraja wajen yin kyandir da sabulu. Da kananzir ya karɓe aikin haske, iyalan birni kuma suka koma son ƙananan yankan nama mai taushi, sai aka koma ga turke maraƙi a ciyar da shi masara a yanka shi yana ɗan shekara ɗaya da ’yan watanni. Wannan ɗan lokaci ya dace da shekarar makaranta, ya kuma dace da ƙarfin yaro.

Tsarin bai sauya sosai ba har yau. Yaro, yawanci daga shekara 8 ko 9 zuwa 18, yana karɓar dandaƙaƙƙen maraƙi da aka yaye, mai nauyin kilo 250 zuwa 300. Ya koya masa bin igiya, ya ciyar da shi safe da yamma, ya wanke shi, ya taje shi, ya rubuta kowane kuɗin abinci da magani a littafi. Bayan wata takwas zuwa goma, san ya kai kilo 550 zuwa 650. A fagen gasa yaron na riƙe da igiya a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma doguwar sanda mai ɗan ƙugiya, wadda yake daidaita ƙafafun san da ita, yana kuma sosa masa ciki don ya natsu. Alƙali ya duba tsoka da ƙashi da tafiya, ya shafa haƙarƙari don ya ji kaurin kitse, sannan ya ɗauki lasifika ya bayyana dalilin da ya sa wannan ya fi wancan. Wannan bayani shi ne darasin da aka shirya bikin dominsa.

Bayan gasa sai gwanjo, bayan gwanjo sai mota zuwa mayanka. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya shaƙu da ragon layya ya san irin wannan rabuwa. Masana zamantakewa biyu, Colter Ellis da Leslie Irvine, sun nuna a wani bincike na 2010 yadda yaran 4-H ke koyon daure wa wannan rana: ƙanana na kuka, manya kuwa sun koyi kallon dabbar tun farko a matsayin wadda makomarta kasuwa ce.

Lokacin da ido ya rabu da sikeli

Tun da alƙalai suka karkata ga sa mai saurin nuna, sai suka riƙa fifita gajere, dunƙulalle, mai gajerun ƙafafu. Zakaran bana ya fi na bara gajarta, na baɗi kuma ya fi na bana. Zuwa ƙarshen shekarun 1940, zakaran Hereford ko Angus da kyar yake wuce ƙugun mai riƙe da shi. Masu sayar da bijimai suka bi abin da ke cin gasa, domin nan kuɗi yake.

Cikin jinin waɗannan shanu akwai wata ƙwayar gado ta wadanci. Dabbar da ta gaje ta daga ɓangare ɗaya lafiyarta ƙalau, kuma sau da yawa takan fito da irin gajartar nan da alƙali ke so. Idan aka haɗa irin waɗannan biyu, ɗaya cikin kowane maraƙi huɗu yakan zo wada, mai kumburin ciki da wahalar numfashi, ba ya girma, ba ya sayuwa. A shekarun 1950 annobar ta mamaye garkuna. Makiyaya suka zubar da bijimai masu tsadar gaske, aka soke zuriyoyi sukutum, wasu gidajen kiwo ba su sake tashi ba. Ba wanda ya yi niyyar haka. Alƙalai sun zaɓi abin da ya yi musu kyau a ido, sauran jama'a suka bi.

Juyin ya zo daga wajen mayanka. A 1965 ma'aikatar gona ta Amurka ta fito da ma'aunin yawan tsokar da ake samu a jikin dabba bayan fiɗa, sai ta bayyana cewa gajerun zakarun nan kitse ya yi musu yawa. A daidai lokacin ake shigo da manyan jinsunan Turai, Charolais na Faransa da Simmental na Suwizalan, ta hanyar Kanada. A 1969 a Shikago, Don Good na jami'ar jihar Kansas ya ba da kambi ga wani sa mai suna Conoco, ruwa biyu tsakanin Charolais da Angus, dogo, mai tsoka. Hukuncin ya girgiza masu kiwon tsantsar jinsi, ya kuma sauya akalar sana'ar.

Amma halin bai sauya ba. Da tsawo ya zama abin lada, aka shiga tseren tsawo. A shekarun 1980 an kai ga shanun da yaro ba ya hango abin da ke bayan gadon bayansu, masu cin abinci da yawa, masu wahalar haihuwa, gangar jikinsu kuma ta fi ƙarfin abin da kamfanonin nama ke buƙata. Sai da aka sake ja da baya zuwa matsakaici.

Kuɗi

Kasuwar shanu ta Shikago ta rufe a 1971, bikinta ya bi ta a 1975. Manyan fagage a yau su ne Denver, Kansas City, Louisville, da biranen Teksas irin su Fort Worth da Houston. A waɗannan wurare gwanjon yara ya zama hanyar da attajirai da kamfanoni ke nuna karamci. A 2022 zakaran Houston ya tashi a kan dala miliyan 1, alhali darajar namansa ’yan dubbai ce. Abin da ke shiga hannun yaron bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ragowar na tafiya asusun tallafin karatu. A Fort Worth, inda aka sayi zakaran 2023 dala 440,000, kuɗin na mai dabba ne.

Inda irin wannan kuɗi ya sauka, sana'a takan tsiro. Akwai masu kiwon maruƙan gasa zalla, waɗanda ake sayen ɗaya da dubban daloli, wani lokaci dubbai goma. Akwai ƙwararrun masu gyaran gashi da ake ɗauka haya. Akwai ɗakuna masu na'urar sanyaya iska, inda ake ajiye sa da rani don gashinsa ya yi tsawo, a busar da shi, a shafa masa danƙo, a sassaƙa shi da almakashi har ya rufe duk wata tawaya ta ƙira. Ɗan ƙaramin manomi da ya ciro maraƙi daga garken gidansu yakan tarar an yi masa nisa tun kafin a shiga fage.

Akwai kuma ha'inci. A bikin jihar Ohio na 1994 an gano cewa da yawa daga cikin shanun da suka zo kan gaba an yi musu aika-aika: wasu an ba su kilenbutarol, maganin numfashi da ke ƙara tsoka ya rage kitse, wanda aka haramta ba dabbar yanka, wasu kuma an ɗura musu man girki a ƙarƙashin fata don a cike ramuka. A 1995 aka sami wannan magani a jikin zakaran Denver da mai bi masa. Lamarin ya wuce zancen kambi, domin naman na shiga kasuwa, kuma ragowar maganin a hanta ta kwantar da mutane da dama a Sifen a 1990. A mafi yawan irin waɗannan shari'o'i, manya ne suka riƙe allurar.

Ohio ta kafa doka a 1995 da ta mai da irin wannan aiki laifi. Manyan bukukuwa suka fara gwajin fitsari, da ɗaukar tambarin hanci ko gashin dabba watanni kafin gasa don a hana musanya. Houston ta wajabta aske shanun yanka ƙwal, don alƙali ya ga jiki ba gashi ba. Gundumomi da yawa sun ƙara gasar da ake auna gangar jiki bayan fiɗa, da ta saurin ƙaruwar nauyi, da wadda ake auna iyawar yaron kansa, ba tsadar dabbarsa ba.

Abin da ya rage

A 1900 kusan mutum huɗu cikin kowane ma'aikata goma na Amurka noma suke yi. Yau ba su kai biyu cikin ɗari ba. Duk da haka 4-H na hulɗa da yara kusan miliyan 6, FFA kuma ta haura mambobi miliyan 1 a 2024. Akasarinsu ba za su zama makiyaya ba. Daga cikinsu ake samun likitocin dabbobi, malaman gona, ma'aikatan banki da ’yan majalisa da suka san abin da buhun abincin dabba ke ci a aljihu.

Dabarar Graham ta ci nasara: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ta hannun yaro ilimi ya shiga gonar da ta rufe ƙofa ga malami. Sai dai dabarar na isar da duk abin da aka ɗora mata. Ta isar da ingantaccen iri da riƙon littafin lissafi, ta kuma isar da wadanci da tseren tsawo da ɗakin sanyi. Duk hukumar da ke tunanin jawo matasa zuwa kiwo ta hanyar gasa da kyauta, aikinta mafi nauyi shi ne takardar da za ta miƙa wa alƙali: me zai auna, da wane sikeli, kuma wa zai duba naman bayan an watse.